Baƙo da tumaki huɗu a ƙasar Damagaram: daga kasuwa zuwa hannun makiyayi

Baƙon namu Bature ne, ma'aikacin wani shirin noman rani da aka zaunar a wani ƙauye gabas da Mirya. Hausarsa ta ishe shi gaisuwa da cefane. Da ya ga kowane gida akwai abin da ke ɗaure a turke, har gidan tsohuwa mai ƙosai, sai ya ce shi ma zai yi kiwo. Mai gari ya haɗa shi da mu, masu yi wa bisashen yankin allura, ya ce mu bi da shi tun daga tushe. Tumaki mata uku da rago ɗaya ya yi niyya, kuma an yi sa'a kaka ce.

Kafin a je kasuwa sai da muka tara abinci. Tunkiya mai kilo 30 tana cin busasshen abinci kusan kilo guda a yini, wato kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta. Daga Maris zuwa ƙarshen Yuni daji ba ya ba da komai sai ƙasa da ƙaya, kwana 120 ke nan. Bisa huɗu a kwana 120 sun tasam ma rabin tan, ba a sa abin da za su tattake da wanda iska za ta kwashe ba. A kaka damin harawa araha ne, manomi ma neman mai saye yake don ya biya bashin damina. In bazara ta yi, damin nan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ninka, wani lokaci da kuɗinka a hannu ba ka samu. Waɗanda suka ga yunwar 1984 da ta 2010 ba sa wasa da wannan lissafi.

Harawar wake muka fi saye, sai ta gyaɗa da karan hatsi. A harawa ganye ne abincin. Wadda aka bari a rana har ta yi fari, ganyenta ya kakkaɓe, itace kawai ka saya. Muka zaɓi mai sauran kore, aka ɗaure ta da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba don kada ganyen ya marmashe, aka jibge ta bisa rumfa, nesa da gara da bakin awakin maƙwabta, aka lulluɓe da zana. Kara kuwa sai an sassara shi gajere-gajere, in ba haka ba ganyen kawai za su tsince su bar maka sanda. Muka kuma yi magana da yaran gidan da yake haya su riƙa tsinto masa 'ya'yan gawo idan sun fara zuba. Ƙasar Mirya da Matamai da Magarya ƙasar gawo ce, kuma shi gawo a rani yake ganye, 'ya'yansa su zubo daidai lokacin da bisa ta fi bukata. Har yau ana faɗin yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya tsananta hukunci a kan mai sare shi.

Sannan kasuwa. Mirya tana ci Lahadi, Damagaram Alhamis. Baƙon ya ƙyalla ido kan wani Balami fari fat mai zubabbun kunnuwa. Muka hana shi. Balami mai ci ne, yana son hannun da ya saba. Uda mai rabi baƙi rabi fari kuwa ɗan tafiya ne, ya fi jin daɗi a bayan makiyayi. Ga mai koyo, tumakin gida da aka haifa a ƙauyukan nan sun fi, sun san ruwan wurin da ciyawarsa.

Dubawa daga baki take farawa. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. In duk ƙanana ne farare, ba ta yi famfara ba, yawanci ba ta wuce shekara ba. Manya biyu a tsakiya, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Manya huɗu, wajen shekara biyu. Takwas duk manya, ta doshi huɗu, in kuma sun cinye sun yi giɓi, tsohuwa ce, bazara ɗaya za ta kayar da ita. Mun nemi mata masu biyu ko huɗu, da rago mai biyu. Bayan baki sai a janye fatar ido ta ƙasa: ja-ja ake so, in ta yi fari jini ya yi ƙaranci, galibi tsutsar ciki ce. A taɓa ƙarƙashin haɓa ko akwai kumburi mai ruwa-ruwa. A ɗaga wutsiya a ga ko zawo ya ɓata wurin. Hanci ya zama ba majina. Hantsa a matsa ta a hankali, nonuwa biyu lafiyayyu, ba ƙullutu. Sai a ɗora tafin hannu bisa gadon baya, bayan haƙarƙari, a ji ko ƙashi ne ke sukar hannu ko akwai tsoka. Ciki ba abin dogaro ba ne. Wasu masu sayarwa kan ɗura wa bisa ruwan kanwa da dusa da safen kasuwa, ta yi tim, washegari ta saɓe. Wadda kuma cikinta ya yi girma bayanta ya bushe, musamman in a cikin gari ta tashi, ka yi zaton leda ce cunkushe a tumbinta. Mahauta suna ciro ledar nan a dunƙule, ta murɗe da igiya da tsumma, wani lokaci kilo da yawa. Ba ta da magani sai fiɗa.

Ciniki ba mu bar shi ya yi ba. Muka zaunar da shi rumfar mai shayi, don da zarar an ga farar fata kuɗi ya hau. Dillali ne ke tsakani. Muka taya, mai tunkiya ya ce, “Albarka.” Dillali ya ja shi gefe, ya dawo ya kama hannuna ya ce, “Malam, ƙara masa wani abu, mutumin daga nesa ya koro ta.” Aka ƙara, aka sake cewa albarka, har dai aka ji “Na sallama.” Lissafin kasuwa da dala ake yi, dala ɗaya sefa biyar, dala 200 jikka guda. Wanda ya ji “dubu huɗu” ya ɗauka sefa 4,000 ne, alhali jikka 20 ake nufi, zai sha kunya. Bayan kuɗin bisa akwai la'adar dillali da tikitin kasuwa. Baƙon ya ga kamar la'ada asara ce. A ganina babu kuɗin da ya fi ta amfani a ranar. Dillali ya san mai bisa da garinsa, in gobe wani ya zo ya ce tunkiyarsa ce aka sace, shi za a nema ya fito da wanda ya kawo ta. Mai saye a bayan kasuwa don gudun la'ada shi kaɗai zai tsaya gaban mai gari.

Da aka kawo su gida a amalanke, ba a haɗa su da na kowa ba. Sati uku suna ɗaure a inuwa, da kwanon ruwansu daban. Kasuwa matattarar cuta ce, kuma annobar nan ta awaki da tumaki takan kwana huɗu zuwa shida a jiki kafin ta nuna: zazzaɓi, kwantsa, majina mai toshe hanci, gyambo a baki, sai zawo mai wari. Ta fi kashe awaki, amma tumaki ma ba ta bar su ba. Ba ta da magani, sai rigakafi, kuma allura ɗaya tana tsare bisa aƙalla shekara uku. Gwamnati kan yi zagayen rigakafin kyauta kowace shekara, da na ciwon huhun shanu. Maganin tsutsa mun ba su albendazole, ƙwaya mai miligiram 300 ga bisa mai kilo 35 zuwa 40. Ba a ba tunkiyar da cikinta bai wuce wata guda da rabi ba, yana iya lalata ɗan. Tun da ba mu san ko ɗaya a cikinsu ta ɗauka ba, wadda muke shakka muka jinkirta mata. Kaska da ƙazuwa kuwa ivermectin, mililita guda ga kilo 50, a ƙarƙashin fata. Mu kan saya a wurin likitan dabbobi. Na tallan kasuwa da ya wuni a tire cikin rana, ko na gaske ne ƙarfinsa ya tafi, kuma rabin ƙwaya da ake ba babbar bisa don tattali shi ke sa tsutsa ta daina jin magani.

Matan aka yi musu shaida da fenti a ƙugu da tsumma mai launi a wuya. Ragon ba a taɓa kunnensa ba. Ragon layya ne, kuma malamai sun ce yankan kunne in ya wuce sulusi bai yi ba.

Turkar rago wata uku ce. Mun fara da dusa cikin tafin hannu biyu, wajen giram 150, a dama da ruwa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har sati biyu ta kai giram 400 zuwa 500 a yini, rabi safe rabi yamma. Harawa kamar giram 600, tunkuza giram 100 in ta samu, kara kuwa ya ci iya cinsa. Ruwa lita huɗu zuwa biyar, mai tsabta, kullum a gabansa. Ɓallin kantun Bilma a rataye inda zai lasa. A haka rago mai lafiya yana ƙara wajen giram 100 a yini, kilo takwas zuwa goma kafin wata ukun su cika.

A nan ne tausayin baƙo ke yin ɓarna. Wata rana ya ga ragon na kuka, ya zuba masa kusan tiya guda ta hatsi. Kafin dare ragon ya daina tuƙa, ya tsaya kai a ƙasa, cikinsa na ƙugi, washegari zawo mai tsami. Tumbin bisa yana da ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, hatsi mai yawa farat ɗaya yana tsamama tumbin ya kashe su. Aka janye dusa da hatsi gaba ɗaya, aka bar shi da busasshiyar ciyawa, aka ɗura masa ɗan ruwan kanwa, ya tashi bayan kwanaki. Da ya fi haka ci, sai wuƙa. Ɗuri kuma a hankali ake yi, ta gefen baki, ba a ɗaga kai sama sosai, don in ruwan ya bi ta huhu an sayi wata cutar.

Abu na biyu da ke kashe ragon turka shi ne tsakuwar fitsari. Dusa zalla ba harawa, ga ƙarancin ruwa, sai ka ga rago yana yunƙuri, yana ɗigar da fitsari ɗis-ɗis, yana harbin cikinsa. Harawa ce ke daidaita dusa, shi ya sa ba a rage ta don an ga dusa ta fi saurin sa ƙiba. Kanwa ma, da mutanenmu ke zubawa a ruwan rago kullum ba awo, tana ƙara haifar da tsakuwar nan. Ɗan kaɗan sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, gishiri ne ya kamata ya dawwama, don yana sa shan ruwa.

Matan uku kuwa garken gari aka sa su. Muka kai baƙon wurin makiyayin, wani dattijon Bafillace da ruggarsa ke bakin gari. Tun a hanya muka gaya masa abu uku: kada ya tambayi yawan shanun mutum, kada ya nuna su da yatsa yana ƙirgawa, kada ya ɗaga na'urar hoto sai an ba shi izini. Ya zo da littafinsa na rubutu, muka ce ya mayar aljihu. Mai littafi da ƙirga, a idon makiyayi, ɗan haraji ne. Shayi da sukari muka riƙa. Aka gaisa, aka tambayi lafiyar gida da ta bisashe da wahalar ruwa, sai can na ce, “Baffa, baƙonmu ne ya kawo amana.” Ya dubi tumakin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ƙafar guda ya ga kofato, ya ce, “Allah ya sa albarka.” Daga ranar ya san su, ba ya bukatar fentinmu.

Sharuɗɗan a gaban mai gari aka faɗe su. Lada bisa kai ake biya, wani abu a kuɗi, wani a hatsi idan an yi girbi, kowane gari da nasa awon. Mai bisa ne ke kai ta dandali da safe ya tarbe ta da yamma, aƙalla har ta gane ƙofar gida. Allura da magani na mai bisa ne. In ta mutu a daji, makiyayi ya kawo fata ko shaida, ba ya biya, amana ce. In ta yi ɓarna da rana tana hannunsa, shi ke da magana, in da dare ce ta tsinke daga gida, mai ita ne. Baƙon ya so a rubuta a sa hannu. Aka rubuta masa don hankalinsa ya kwanta, amma shaidun da suka zauna a tabarmar nan su ne takardar.

Ya yi mamakin ganin garke na shiga gonar da ba ta mai garken ba. Bayan an kwashe amfanin gona, hukuma kan sa ranar sakin gonaki, daga ranar bisa na da ikon cin abin da ya saura. Wanda ke son karansa sai ya kwashe kafin ranar. Wani manomin ma shi ke roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa ya kwana da shanu, ya ba shi hatsi, don taki. Da damina kuwa garke ba ya bin ko'ina sai burtali zuwa makiyaya da mashaya. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tsare waɗannan hanyoyi, kuma akwai hukumomin filaye tun daga ƙauye har sama masu kafa musu alama. Duk da haka kowace shekara sai an ci gefen burtali da garma, garmani kuma ya mamaye abin da ya rage, ciyawar da bisa ba ta damu da ita ba. In an yi ɓarna, manomi ba ya dukan bisa ko ya sare ta. Wurin mai gari ake kai ta, a je gona da wakilin manoma da na makiyaya a auna abin da aka ci, a sasanta. Sai sulhu ya gagara ake zuwa gaban alƙali. Can arewa, ta wajen Tanut da Gure, akwai iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Wanda ya yi gona bayan wannan iyaka, in bisa ta ci, doka ba ta ba shi diyya ba.

A ruga an miƙa masa madara da ɗuminta daga hantsa. Muka ce a tafasa tukuna. Bakkale, cutar da ke sa bisa ɓari, da tarin shanu ta nan suke shiga mutum.

Bazara ta zo kamar yadda aka lissafa. Garke ya riƙa fita da asuba ya dawo da rana tsaka ba abin kirki a ciki, harawar rumfa ta fara sauka. A rijiya bi da bi ne, wanda ya riga ya kafa kwaminsa shi ke fara shayarwa, baƙo ko ɗan gari. Saniya a wannan zafin tana shan lita 30 ko fiye, don haka mai tumaki uku ba ya gardama da mai shanu hamsin da ya kwana a bakin rijiya yana jan wasaki. Biyu daga cikin tumakin suna da ciki. Wata biyar tunkiya ke yi, kuma sati shida na ƙarshe ɗan ke yin yawancin girmansa, sai muka ƙara musu dusa giram 200 zuwa 300 da 'ya'yan gawo. Wadda aka bari da kara zalla a wannan lokaci takan kwanta ta kasa tashi, ko ta haifi ɗan da ba ya iya kama nono. Da aka haihu, aka tabbatar ɗan ya sha dakashi cikin awannin farko, aka tsoma cibiyarsa a aidin. Mahaifa kan faɗo da kanta cikin 'yan awanni. In ta wuce rabin yini a kira likita, kada a ja. In kuma ɓari aka yi, ba a taɓa shi da hannu tsirara, mace mai ciki ma kada ta matso, a binne shi da zurfi. Zazzaɓin da ya kashe mutane da bisashe a yankin Cintabaraden a 2016 ta jini da ɓarin bisa ya fi kama mutane.

Ruwan farko ya fi bazara haɗari, abin da baƙon bai taɓa zato ba. Bisa ta rame, sanyin ruwa ya buge ta, ga ɗanyar ciyawa ta tsiro, ta afka mata da yunwa. Sai zawo, ko kumburin ciki: gefen hagu ya tashi ya yi tauri, numfashi ya yi wuya. Dabarar ita ce a ba su busasshen abinci da safe kafin su fita, kuma kada su fita sai raɓa ta kaɗe. Shi ya sa muka ɓoye dami kaɗan na harawa har cikin Yuli. Wadda ta kumbura a ɗura mata man gyaɗa mililita 50 zuwa 100, a tsayar da ita gabanta ya fi bayanta tudu, a murza gefen hagun, a aika a kira likita. Gyamron dawa da dawar da fari ya tsumburar suna da dafi, suna kashewa cikin awa guda, a nisanta garke da su. Bisar da kuma ta faɗi matacciya farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura ba ya daskarewa, wannan ciwon saifa ne. Ba a feɗe ta, ba a cin namanta, ba a jan fatarta. A nan dole a yi tsayin daka, don mutane ba sa son ganin nama ya tafi rami.

Ragon an fara turkarsa ne da lissafin Sallah, wadda ke matsowa da kwana 11 kowace shekara, saboda haka watan da aka fara bana ba shi ne na baɗi ba. Wata guda kafin sayarwa aka daina yi masa kowace allura, don maganin ya fita daga nama, wanda kwalbarsa ta faɗi fiye da haka kuma a bi kwalbar. Ba mu jira jajibiri ba. A lokacin, fatake masu lodi zuwa Maigatari da Kano sukan yi sayayyarsu tun da sauran sati biyu, kuma abin da za su taya yana bin darajar naira a kan sefa. A ranakun ƙarshe kasuwa kan cika, in raguna suka yi yawa mai rago ɗaya ne ke komawa gida da shi.

Da aikinsa ya ƙare zai tafi, matan da 'ya'yansu ba a sayar ba. Makiyayin ya ba da shawarar habbanaye, al'adar Fulani ta ba da aron bisa mace: wanda aka ba ya riƙe ta ta haihu, 'ya'yan nasa ne, uwar ta koma. A shanu Bororo kan bari har haihuwa uku. Aka ba matan gidaje uku tunkiya ɗaya-ɗaya, a kan in ta haihu sau biyu aka yaye, uwar ta wuce gidan da mai gari da liman za su nuna. Abinci da allura na mai riƙo ne, ba ta da ikon sayarwa ko yankawa, in kuma ta mutu ba da sakaci ba, babu biya.